Abin da Benjamin Ya Ciro a Motata

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

Fitilar nan mai ruwan ɗorawa ta sake kamawa a dashbod. Karo na uku ke nan. Ina tsallake gadar Nukkai motar ta yi sanyi kamar an labta mata buhunan siminti. Na take totur har ƙasa, mai keke ya wuce ni yana waiwaye. Ta ƙi shiga giyar ƙarshe, mai kuwa sai ka ce ƙasa nake zuba wa.

Usaini bakanike ya canza mata abin da ya kira nok sensa sau biyu cikin wata guda. Yau cewa ya yi, "Hajiya, jabu ne ya cika kasuwa, a sayo wani." Na ce a'a. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da fiziks kafin a mayar da ni duba makarantu, ban yarda sabon abu ya mutu sau biyu a jere babu dalili ba. Lydia ta ofishinmu ta ce in kai wa wani Benjamin mai wayarin mota, bayan kasuwa. Wai shi ba ya canza kaya sai ya auna.

Gobe Talata. Na ce wa Abban Hamna ina da duba makaranta a Lau.

Talata, 8 ga Yuli

Ban je Lau ba. Asibiti na je, karo na huɗu tun watan Mayu.

Sun ɗebi ɗan nama da allura daga ƙullutun da ke mamana. Ɓangaren hagu. Likitar ta ce sakamako sai nan da sati biyu, ta kuma sake tambaya ko maigida ya sani. Na ce zai sani.

Yaushe? Irin wannan ciwon ne ya ɗauke mahaifiyarsa shekara shida da suka wuce, na ga yadda ya koma. Wata uku ba ya cin abinci sai an tsare shi, daga nan hawan jinin ya kama shi. Idan ba komai ba ne, don me zan tayar masa? Lydia kaɗai ta sani. Hamna tana makaranta, tana da jarrabawa, ita ma ba yanzu ba.

Da na dawo ya ce, "Ya Lau?" Na ce Lau na nan. Ya ce, "Hanya fa?" Na ce da dama dama. Ya daɗe yana kallona, sannan ya tura mini kwanon fura.

Laraba, 9 ga Yuli

Hannun hagu ba ya ɗaguwa sosai. Na ce kwanciya ce na yi a kansa.

Alhamis, 10 ga Yuli

Benjamin. Gajere ne, da furfura a gemu, tabarau ɗaure da zare. Hausarsa irin ta cikin kasuwa, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa. Ya jona kwamfutarsa a ƙarƙashin sitiyari, ya karanta lambar da ta fito, P0325, ya ce, "Hajiya, kwamfuta bai ce sensa ya mutu ba. Ya ce hanyan sensa yana da matsala. Hanya daban, sensa daban."

Nan take na san na zo wurin da ya dace.

Na nemi benci na zauna, na ce ya yi mini bayani. Sensar nan ɗan ƙarfe ne da aka ɗaure a jikin injin, aikinta sauraro. Idan mai ya riga lokacinsa kamawa a cikin injin, ana samun ƙwanƙwasa, sai ta ji, ta aika wa ƙwaƙwalwar mota wuta 'yar mitsitsiya, ita kuma ta gyara lokacin tartsatsin filogi. Idan ƙwaƙwalwar ta daina gane abin da ake aiko mata, sai ta tsorata ta rage wa injin ƙarfi don kada ya lalace. Shi ne sanyin da nake ji. Na ce masa ai akwai ɗan dutse a ciki mai ba da wuta idan an girgiza shi, na koyar da shi a aji. Ya cire tabarau ya kalle ni. "To kai ne za ka riƙe mita."

Na riƙe. Ya zare soket ɗin sensar, ya sa tsinken mita, ya ɗauki sifana ya ƙwanƙwasa jikin injin kusa da ita. Lambobi suka yi tsalle. Ya sake, suka sake. Lafiyarta ƙalau. Ya ɗauko tsofaffin biyun da Usaini ya bar mini a but, ya gwada su a kan tebur. Su ma lafiya ƙalau! Uku ke nan, babu wadda ta mutu.

Ya duba soket, babu tsatsa, babu ruwa. Ya bi waya da fitila yana neman cizon ɓera, ya ce damina ɓeraye kan shige bonet. Babu. Ya auna wayar daga injin har bakin ƙwaƙwalwar da ke bayan akwatin dashbod, ba ta tsinke ba. Ya jijjiga ta yana kallon mita, shiru.

Ya ce in bar motar. Ya goge laifin, ya tuƙa, ya dawo bayan minti goma fitila a kunne. Ya tsaya yana sosa gemu. Na ji daɗi da na ga shi ma abin ya ɗaure masa kai, ban san me ya sa ba.

Juma'a, 11 ga Yuli

Keke zuwa ofis, keke dawowa. Ruwa ya jiƙa ni. Abban Hamna ya tambaya wane gareji na kai motar, sau biyu. Ya ce me ya hana in bar masa ya kai da kansa.

Asabar, 12 ga Yuli

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Bari in rubuta a jere.

Benjamin ya kira da hantsi ya ce in zo, ba maganar waya ba ce. Na iske ya kwance akwatin dashbod gaba ɗaya. Ya nuna mini wayar sensar: siririya ce a tsakiya, an lulluɓe ta da raga ta ƙarfe. Ragar ita ke tare hayaniyar sauran wayoyi, domin saƙon sensar ƙarami ne ƙwarai, abu kaɗan ke ɓata shi. Ya ce ragar nan bai kamata a sami wuta a jikinta ba ko ɗigo.

Injin a kashe, makulli a hannunsa. Ya ɗora mita a kan ragar. Sifili. Ya ce, "Jira." Muka jira. Sai lambobi suka zabura suka koma. Ya ce in duba agogo. Bayan daƙiƙa talatin suka sake. Talatin, suka sake. Cif cif.

Na ce, "Ai mota a kashe take."

Ya ce, "Shi ne. Hajiya, wannan mota yana da baƙo."

Ya zura hannu can ciki ya jawo damin wayoyi. A wani wuri salatif ɗin ba irin na sauran ba ne, sabo ne, mai sheƙi. Ya warware. Wani ya feɗe bayan wayar sensar, ya murɗa wata baƙar waya a jikin ragar. Wai mai aikin yana neman inda zai sami negatif ne, ya ga ƙarfe, ya ɗauka ko'ina ma daidai ne. Garin feɗewa rezarsa ta ɗan yanki ta tsakiyar, damina ta zo, wurin ya yi kore, shi ya sa sai yanzu ciwon ya fito. Ya bi baƙar wayar da yatsa har bayan rediyo, ya zaro wani ɗan akwati baƙi kamar na ashana, da 'yar fitila tana ƙiftawa.

"Tiraka ne," in ji shi. "Akwai sim a ciki. Duk inda mota ya je, yana gaya wa wani. Kai ka sa?"

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. A ƙasa, cikin baƙin mai, da atamfata.

Ni da nake bin hanyar Mutum Biyu ni kaɗai sau biyu a wata. Ni da aka tare motar abokin aikinmu a watan Janairu aka shiga daji da direbansa, sai bayan kwana tara aka gan shi. Wani yana zaune a wani wuri yana kallon duk inda na taka. Tun yaushe? Benjamin ya ce daga yanayin salatif ɗin ya kai wata huɗu ko biyar.

Na ce ya tsinke ta yanzu yanzu. Ya ce in yi haƙuri zuwa Litinin, in zauna in tuna duk wanda ya taɓa riƙe makullin motar, idan ta kama a je wurin 'yan sanda gara su gan ta yadda take. Motar za ta kwana a garejinsa.

Usaini? Shekara bakwai yana mini gyara. Masu wankin mota? Maigadin ofis?

Na dawo da niyyar faɗa wa Abban Hamna. Na tarar yana gwada jininsa, abin ya nuna ɗari da sittin da wani abu. Na haɗiye.

Lahadi, 13 ga Yuli

Duk wanda ya gaishe ni yau sai na kalle shi sau biyu. Har mai kawo ruwa.

Litinin, 14 ga Yuli

Ba 'yan sanda. Ba a buƙatarsu.

Ƙarfe goma na je. Na ce wa Benjamin na kasa tuna kowa, ya cire kawai, na gaji. Ya ɗauki hoto da wayarsa, ya sa filaya ya datse jar wayar da ke ba ta wuta. Ya ce irin waɗannan idan aka yanke musu wuta sukan aika saƙo ga mai su.

Ko minti biyu ba a yi ba wayata ta yi ƙara.

Abban Hamna. Mutumin da ba ya kira lokacin aiki sai an yi mutuwa. Muryarsa sama sama: "Mahbuba, kina ina? Lafiya? Motar tana hannun wa?"

Na ce, "Tana gareji mana. Me ya faru?"

Sai ya ce, "A'a, ba komai. Na ce bari in ji ne." Ya kashe.

Na tsaya da wayar a kunne bayan ya kashe. Benjamin ya sunkuyar da kai yana goge filayar da ba ta yi datti ba. Na ce ya ciro sim ɗin. Ya ce, "Hajiya..." Na ce ya ciro. Muka sa a ƙaramar wayarsa. Saƙonni sun fi talatin, duk daga lamba ɗaya, kalma ɗaya ta tambayar inda mota take. Lambar da na haddace tun kafin a haifi Hamna.

Watan Fabrairu ya karɓi motar kwana guda, wai zai kai a yi mata juyen mai. Har godiya na yi masa.

Na duba ranakun. 13 ga Mayu, sau uku. 3 ga Yuni, sau biyar. 24 ga Yuni. 8 ga Yuli, sau bakwai, tun daga takwas na safe har azahar. Ranakun da na ce ina Lau.

Ya sani. Tun Mayu ya san motata a harabar asibiti take wuni, ya zauna yana ce mini ya hanya.

Benjamin ya sa abin a leda ya miƙo mini. Abin da kawai ya ce: "Ni aikin waya na sani."

Talata, 15 ga Yuli

Na dafa, na zuba, ya ci. Ban iya kallonsa ba. Shi ma.

Lydia ta ce, "Ke kin ɓoye, shi ya ɓoye, wa zai kai ƙarar wa?" Na ce ba ɗaya ba ne. Jikina ne na ɓoye. Shi kuwa sa mini ido ya yi kamar saniyar da ake tsoron ta ɓata. Shekara ashirin da biyu da aure! Ta ce, "Haka ne." Ba ta ƙara ba, kuma na fi jin haushin hakan.

Laraba, 16 ga Yuli

Bayan la'asar yana zaune a baranda yana gyara carbinsa da ya tsinke. Na ajiye ledar a gabansa.

Bai yi musu ba. Da ma ya yi, da na sami inda zan kama.

Ya ce bayan abin da ya faru a Janairu ya kasa barci duk ranar da zan yi hanya. Ya ce in bar aikin na ƙi, ya ce in ɗauki direba na ƙi. Gaskiya ne, na ƙi. Wani a ofishinsu na kiwon dabbobi ya nuna masa mai sakawa. Na ce me ya hana ka faɗa mini? Ya ce, "Da kin ce a cire." Na ce ƙwarai da na ce, kuma hakkina ne in ce. Na faɗi maganganu. Wasu ba zan rubuta ba. Na ce ka mayar da ni abar tuhuma, baƙo ya zare wannan abu a gabana ina zaune a ƙasa kamar mahaukaciya, kwana biyu ina zargin bayin Allah. Na ce saura kaɗan in kai Usaini wurin hukuma.

Ya bari na gama. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Wane ɓangare ne?"

Na ce me?

"Ƙofar da kike ajiye mota. Ta wajen mata ce, kusa da ɗakin hoto. Nan nake ajiye tawa lokacin Inna."



Ya ce ranar farko ya ɗauka dubiya na je. Ta biyu ya gane. Ta uku ya baro ofis ya hau keke ya zo, ya tsaya tsallaken titi wurin mai gasa masara, yana hango motata, awa biyu. Ya kasa shiga. Idan ya shiga zan ce ya aka yi ka sani. Idan ya tambaye ni a gida, haka. Ya ce, "Na haƙa rami na faɗa. Kullum ina cewa yau za ta faɗa mini. Sai ki ce Lau na nan."

Ashe jinin da nake ta lallaɓawa kada ya hau, abin da nake ɓoyewa ne ke hawar da shi tun Mayu.

Na ce, "Hagu." Na ce an ɗebi nama, sakamako ranar Talata.

Duwatsun carbin suka zube daga hannunsa suka bi baranda. Babu wanda ya tsince su. Ya ce, "Allah hoynu," wato Allah ya sauƙaƙe, da harshen Innarsa, a hankali, sau biyu. Rabon da in ga hawayensa tun ranar jana'izarta.

Ban rarrashe shi ba. Na tashi na shiga kicin na tsaya gaban tukunyar da babu komai a ciki.

Alhamis, 17 ga Yuli

Bai ba ni haƙuri yadda nake so ba. Ni ma ban ba shi ba. Ban ma san wa ya kamata ya fara ba.

Juma'a, 18 ga Yuli

Na karɓo mota. Benjamin bai yarda ya naɗe wurin da salatif kawai ba. Ya yanke inda ya yi kore, ya haɗa ta tsakiyar da dalma, ya rufe, sannan ya ɗinke ragar ta zagaye ta kamar yadda take tun asali. Ya sa ni na riƙe mita. Minti uku muna kallo, sifili bai motsa ba. Ya goge laifin, muka fita tare har bayan gada, ta shiga giyar ƙarshe ba gardama. Fitila ba ta dawo ba.

Na biya ta wurin Usaini na ce masa sensar ba ta da laifi, waya ce. Ya ce, "Ikon Allah, wane ne ya taɓa wayar?" Na ce tsautsayi ne. Na gaishe shi fiye da yadda na saba, ya yi ta kallona bai san dalili ba.

Lahadi, 20 ga Yuli

Hamna ta kira. Mu biyu muka yi mata ƙarya tare, muka ce kowa lafiya. Bayan jarrabawa za mu faɗa mata. Shi ya ce "za mu".

Talata, 22 ga Yuli

Na fito da makulli na tarar da shi tsaye jikin mota da hularsa. Ban ce zo ba, ban ce kada ka zo ba. Ni na tuƙa.

Shi ne. Likitar ta faɗi sunansa ƙarara: ciwon daji. Ta ce ƙarami ne, an gan shi da wuri, za a yi aiki, za ta rubuta mana takarda zuwa babban asibiti a wata jiha, sati na sama. Bayan nan ban ji komai ba. Ina ganin bakinta yana motsi. Ashe shi yana rubutawa, a bayan takardar maganinsa, har da tambayoyin da ban san ya iya ba: ya kai hammata? Wane gwaji ya rage? Lokacin Inna ya koye su.

A mota na kasa sa makulli a raminsa. Sau uku. Ya zagayo ya buɗe ƙofata, na matsa.

Ya ƙi wuce arba'in har gida.

Alhamis, 24 ga Yuli

An ba ni hutun jinya. Lydia za ta karɓi makarantun Lau. Da ta faɗi sunan garin sai da muka yi dariya, ni da ita, har na ji zafi a wurin allurar.

Na leƙa wurin Benjamin don ya duba mota kafin doguwar tafiya. Ledar tana cikin jakata tun waccan Larabar, na ɗauke ta daga baranda don kada a share ne. Na tambaye shi, tambaya kawai, ko irin wannan abu idan mai hankali ne ya sa zai dami sensar. Ya ce ko kaɗan, a ba shi negatif daga jikin ƙarfen mota, a nisanta shi da wancan damin, shi ke nan. Aikin minti ashirin.

Hanyar tana da nisa, kuma bayan aikin za a yi ta zuwa ana dawowa, wani lokacin ni da direban haya. Ga ɓarayin mota. Saboda wannan ne.

Na sa ya mayar da shi, ya saka lambata ta farko. Ya ce akwai gurbin lamba ta biyu, a bar shi haka? Na karanto masa ta Abban Hamna.

Har yanzu ban gama fushi ba. Zan faɗa masa bayan cin abinci, kafin ya gani a waya.